Matar Yumɓu Mai Tabo a Baya

Duk wanda ya ga Sauda a titin Grand Concourse na birnin New York a shekarar 1974, ta ɗora rigar sanyi a kan atamfa, ta riƙe 'yan mata biyu ɗaya a dama ɗaya a hagu, cewa zai yi ga wadda Allah ya gama yi wa komai. Mijinta Ladan akawu ne a ofishin jakadancin Najeriya, mutum mai sanyin hali, wanda ko ƙofa ba ya bugawa da ƙarfi. Gidansu a hawa na biyar yake, da ruwan zafi a famfo, da firji, da talabijin. Matan abokan aikin mijinta in sun zo sai su ce, "Ke kam Sauda, sai godiya." Ita ma sai ta ce, "Sai godiya," don ba ta da bakin faɗar wani abu daban.

Amma 'ya'yanta uku ne, ba biyu ba.

Ta farin, Khadijatu, tana Ɗambatta a wajen Indo, yayar Ladan. Ranar da aka yaye ta, Indo ta zo da zaninta da majanyinta, ta goya ta, ta yi gaba da ita. Ba wanda ya yi wa wani laifi. 'Yar fari ce, uwa kuwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ta yi sai dai ta kau da kai wani ya ɗaga ta. Ga shi kuma Indo ta shekara goma sha huɗu a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, tsofaffi suka ce a ba ta yarinyar, ko ɗumin goyo ya jawo mata nata rabon. Sauda a lokacin shekarunta sha tara. Tana cikin ɗaki tana tsintar shinkafa aka fita da yarinyar, ko leƙowa ba ta yi ba, mata suka yi ta yaba kunyarta har da guɗa. Nononta ne kawai bai san kara ba, ya yi kwana shida yana jiƙa mata riga.

Rabon Indo bai zo ba, yarinyar ma ba ta dawo ba. Aiki ya kai su Ladan Ikko, daga can ya tsallako da su New York. Sau ɗaya suka je hutu, yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa, ta koma bayan Indo ta ɓuya. Yanzu shekarunta goma. Sauda tana son 'yarta ta dawo hannunta, so irin wanda ke tashin mutum daga kan abinci, kuma ba ta taɓa gaya wa ko da mutum ɗaya ba.

Abin da ya buɗe mata baki, in an faɗa ba kowa zai yarda ba, wata 'yar guntuwar yumɓu ce.

Da yake Sauda ta yi makarantar horon malamai kafin aure, sai aka haɗa ta da wata Baturiya mai suna Dakta Adelman, wadda ke son koyon Hausa don tana shirin zuwa Arewa tonon kayan mutanen da. Talata da Alhamis, in ta kai yara makaranta, sai ta hau jirgin ƙasa mai lamba D ta sauka a gefen Harlem, ta shiga wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi, ta gangara ɗakin ƙasa inda Dakta ke aiki. Dakta doguwa ce busasshiya, kullum da fensir a gashi da taba a hannu. Wata uku suna fama, har yanzu in an ce mata "ina kwana" sai ta ce "ina kwana" ta tsaya tana murmushi kamar ta ci jarrabawa.

A watan Satumba Sauda ta shigo ta tarar an cika dogon tebur da akwatuna, an shimfiɗa auduga, a kan audugar an kwantar da mata. Matan dutse, matan yumɓu, matan ƙashi, wata kamar ɗan yatsa, wata kamar tulun yara. Dukkansu tsirara, ga ƙirji, ga ciki, ga mazaunai, yawancinsu ko fuska ba a yi musu ba.

"A'uzu billahi," in ji Sauda, ta ja gyalenta.

Dakta ta yi dariya ta ce nuni za su yi a ƙarshen shekara. Waɗannan, in ji ta, uwaye ne da mutanen farko suke bauta wa tun kafin a san rubutu, don a sami haihuwa, dabbobi su yaɗu, gona ta yi albarka. Wannan daga Turkiyya, waccan daga tsibiran Girka, ga ta Meziko can. Sauda ta bi su da kallo daga nesa, hannunta a baya, don ba ta ga abin da zai haɗa ta da gumaka ba. A ranta kuwa cewa take, Turawa akwai neman magana. Duk macen da suka tono daga ƙasa in dai tana da ƙiba to abar bauta ce. Ta Turkiyyar nan da ta baje a kan kujera, wallahi ba ta da maraba da mai ƙosan bakin tashar Ɗambatta.

"Ga 'yar ƙasarku," in ji Dakta, ta buɗe wani ƙaramin akwati a ƙarshen tebur.

Wannan ba ta da ƙiba. Tsawonta bai kai na ludayi ba, jar ƙasa ce mai tsakuwa-tsakuwa, an yi mata tukkaye a ka, idanunta a buɗe, hannayenta biyu a kan mara. Dakta ta ce masu haƙar kuza ne suka tono ta a kudancin Jos, wani injiniya ya taho da ita a cikin kayansa, kuma ta haura shekara dubu biyu. Ta nuna wasu 'yan ƙulluka biyu a ƙugun matar, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ta ce ragowar jigida ce, jigida kuwa alamar haihuwa ce, haka za a rubuta a katin bayaninta.

Sauda ta matso ba da niyya ba. Ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye.

"Dakta, juya min ita."

Aka juya. A gadon bayan matar, daga kafaɗa zuwa ƙugu, akwai wani tabo mai kaushi, zagayayye kamar ƙwai, inda wani abu ya ɓalle tun ba a san ranar ba.

"Wannan ba jigida ba ce," in ji Sauda. "Jigida zagaye take yi, ba ta tsayawa biyu a gefe. Ƙafafu ne. Ɗauko gilashinki ki duba, za ki ga yatsu."

Dakta ta ɗauko gilashin da ke ƙara girman abu, ta kara a ido, ta yi ta dubawa har tokar tabarta ta zubo a kan tebur. Ga su nan kuwa, 'yan zane huɗu-huɗu a bakin kowane ƙulli. Malamai nawa suka duba matar nan a shekara talatin, kowa gabanta yake kallo, don a wajensu ɗa a hannu ake riƙe shi ko a turo shi a keke. Duk wadda ta taɓa tsayawa a bakin rijiya ta san in mai goyo ta fuskanto ki, ba abin da za ki gani na ɗan sai 'yan ƙafafu biyu suna leƙowa ta ƙugu.

"Goyo gare ta," in ji Sauda. "An cire mata."

Dakta ta rungume ta, tana ta zuba Turanci, tana cewa sai an sa sunanta a littafin nunin. Sauda ba ta ji rabin abin da take faɗa ba. Ta cire hannunta daga baya, ita da ta ce ba za ta taɓa gunki ba, ta ɗora ɗan yatsa a kan tabon. Kaushinsa ya shige ta har ƙirji. Shekara dubu biyu matar nan tana tsaye da wurin ɗa a bayanta, an kawo ta wata uwa duniya an kwantar a kan auduga, kuma ba wanda ya lura akwai abin da ta rasa. A jirgin komawa gida Sauda ta wuce tasharsu da tasha biyu ba ta sani ba.

Ranar Asabar da hantsi, Ladan yana goge takalminsa na ofis a kan jarida, ta zauna a gefensa.

"Malam, ina son yarinyar nan ta wajen Yaya ta zo."

Ya ajiye burushin a hankali. "Wace yarinya?"

"Ka san wadda nake nufi."

"Sauda, kin san abin da kike faɗa kuwa? Yaya Indo ce fa. Ita ta goya ni, ita ta sa ni a makaranta da Baba ya ƙi. In buɗe baki in ce mata ta ba ni abin da na ba ta? Me mutane za su ce?"

"Ni ban ce a ƙwace ba. Karatu za ta yi. Ga makarantar gwamnati nan a ƙofar gida, ƙannenta suna zuwa, ita tana can."

"To me ya tayar da maganar yanzu, bayan shekara takwas?"

Ba ta gaya masa ba. Ina za ta fara cewa gunki ne ya tuna mata da 'yarta? Sai kawai ta ce, "Ba yanzu ta tashi ba, Malam. Yanzu dai ka ji ta."

Ya ɗauki burushin ya ci gaba da goge takalmin. Ladan ba mugu ba ne, tsoron yayarsa ne da kunyarta suka yi masa yawa. Daga ƙarshe ya ce, "Ni dai bakina ba zai iya ba. Malam Zailani na ofishinmu zai tafi hutu gida ranar Laraba da iyalinsa, zai bi ta Ɗambatta. In ke za ki iya, ga rikoda can."

Indo ba ta karatun boko, wasiƙa kuwa sai an kai wa wani ya karanta, kafin la'asar duk unguwa ta ji. Don haka da kaset suke gaisawa, a ba matafiyi ya kai, ya kunna, ya ɗauko amsa. Da Ladan ya fita da yara wurin lilo, Sauda ta rufe ƙofa, ta ɗora rikodar a kan tebur, ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar Indo na ganinta. Sau uku tana farawa tana gogewa. A na huɗu ta gaida Indo, ta gaida maigidanta, ta gaida maƙwabta gida-gida, ta tambayi damina, ta tambayi awaki, har kaset ya kusa rabi. Sannan ta shiga maganar.

"Yaya, dama wata alfarma ce. Yarinyar nan ta wajenki, na ce ko za a bari ta zo nan ta yi karatu. Makarantunsu na da kyau. In kin ga bai dace ba, a bar maganar, kamar ban yi ba. Ki yafe min rashin kunyata."

Ta danna maɓalli, ta kifa kai a kan tebur. Ranar Laraba kaset ya bi Malam Zailani.

Daga nan Sauda ta zama wata iri. Ta matsar da gadon yara ta auna inda na uku zai shiga. In ta ga 'yan mata 'yan shekara goma suna tsallen igiya a gefen titi sai ta rage sauri. A ɗakin ƙasa kuwa, kafin su fara darasi sai ta leƙa akwatin ƙarshen tebur, ba gaisuwa ba, ba addu'a ba, Allah ya kiyaye, leƙawa dai irin ta wadda ta ga 'yar garinsu a asibiti.

Ana cikin haka, wata Alhamis a ƙarshen Oktoba, Dakta ta tare ta tun daga matakala, fensir biyu a gashi, ta manta ma da "ina kwana". Ta ce ta kai matar an duba ta da na'ura, kuma abin da aka gano ya fi na farko daɗi.

"Dubi nan. Jikinta jar ƙasa ce mai tsakuwa. Ƙafafun kuwa baƙar ƙasa ce mai laushi, ba daga rami ɗaya aka ɗebo su ba. Kuma kin ga wannan zanen na bayanta? Ya shige ta ƙarƙashin tabon ya fito ta ɗaya gefen. Wato an gama ta, an yi mata ado, an gasa ta, ba ta da kowa a baya. Daga baya wani ya zo ya ɗora mata ɗan, aka sake sa ta a wuta. Shi ya sa ya ɓalle, yumɓun biyu ba su kama juna sosai ba."

"Ba ita ta haife shi ba ke nan," in ji Sauda.

Dakta ta ce to, ba za a ce haka a rubuce ba, amma wataƙila wata ce da ba ta samu ba, aka yi mata wannan don a jawo mata. Ta ci gaba da bayani, tana jin daɗi, tana zana abu a iska da taba.

Sauda ta jawo kujera ta zauna. Sati shida tana leƙa akwatin nan tana ganin kanta. Ashe ba ita ba ce. Hannaye biyu a kan marar da ba ta taɓa ɗauka ba, da ɗan da aka kawo daga wani rami aka ɗora mata, ai wannan ko makaho ya shafa ya san Indo ce. Tabon ma ba na wadda ta bayar ba ne, na wadda aka ɓalle wa ne. Kuma wadda za ta ɓalle ɗin tana nan zaune a kan kujera, ta riga ta aika da kaset, ba ta da hannun da zai kai Ɗambatta ya dawo da shi. Ranar ba a yi darasi ba. Ta ce kanta ke ciwo, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Duk da haka, kada a ce Sauda ta zama waliyyiya. Tausayin Indo ya shige ta, amma bai kori son 'yarta ba, sai suka zauna tare a ƙirji ɗaya suna cin juna. In ta idar da salla ba ta san me za ta roƙa ba, a ce e ko a ce a'a.

Amsa ta zo a tsakiyar Nuwamba cikin jakar ofis, da 'yar takarda daga Malam Zailani. Ya ce an amince, kuma maiɗakinsa da za ta dawo a Disamba za ta taho da yarinyar. Ladan ya kawo kaset ɗin ya ajiye a kan firji, bai ce a kunna ba, ita ma ba ta ce ba. Sai da gari ya waye, ya tafi aiki, ta kai yara ta dawo, sannan ta zauna ita kaɗai, bututun ɗumama ɗaki yana ta ƙwanƙwasa kamar maƙeri.

Muryar Malam Zailani ce ta fara fitowa, daga nesa, yana cewa ga shi ya danna, shi zai koma zaure, in ta gama ta danna na ƙarshen. Aka ji tafiyarsa. Sai Indo ta yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Amaryarmu, ina gajiya, ina sanyi? Saƙonki ya iso, na ji. Wace irin rashin kunya kuma? Ai taki ce, riƙo aka ba ni, na kuwa gode, Allah ya saka. Shekara takwas ba ki taɓa ɗaga min ido a kanta ba, samun irinki sai an tona."

Ta ɗan tsaya. Kaza ta yi kuka a bayanta.

"To ga abin da zan gaya miki, ki riƙe. Ba ta cin ɗanyar kuɓewa, sai busasshiya, kada ki ce taurin kai ne, amai take sa ta. In za a yi mata kitso kada a ja gaban, ba za ta yi kuka ba amma sai ta kwana uku da ciwon kai. In sanyi ya shige ta ƙirjinta yana kuka, ki narka man shanu da tafarnuwa ki shafa mata, ban san ko kuna da man shanu a can ba, zan ba ta a kwalba. Tana tsoron tsawa, ba ta faɗa, sai dai ki ga ta matso kusa da ke tana neman abin yi, to ki bar ta, kada ki tambaye ta. Tana izu goma sha biyu, a samu mai yi mata ƙari. In kuma ta yi fushi ba ta magana, tsintsiya take ɗauka ta yi ta shara, ko an share. Ki bar ta ta gama."

Sauda ta toshe baki da gyale. Duk jerin nan ba ta san ko ɗaya ba, sai na ƙarshen, shi ma don halinta ne ita kanta, ga tsintsiyar can a jingine ta gaji da ita tun watan jiya.

Indo ta yi addu'a, ta gaida Ladan, ta gaida yara, ta yi sallama. Aka ji ƙas, ta danna wani abu. Amma ba na ƙarshen ta danna ba, kaset ya ci gaba da juyawa, Malam Zailani kuwa yana can zaure yana jiran a kira shi.

Da farko ba komai sai tsakar gida. Wata tana daka a maƙwabta, akuya tana jan igiya. Sauda ta miƙa hannu za ta kashe, sai ta ji wani sauti ƙasa-ƙasa, kamar ana jan numfashi ta cikin zani. Indo ce. Matar da ko ranar rasuwar mahaifinsu ba a ga hawayenta ba, ita ce take kuka irin na wanda ba ya son bango ya ji. Ya kamata Sauda ta kashe, ta sani, wannan ba nata ba ne. Hannunta ya tsaya a kan maɓallin bai danna ba.

Sai ga sallama, da ƙarar allo an jingina shi a bango. Murya ce siririya, mai sauri, ba ta yi kama da ta jaririyar da Sauda ke ɗauke da ita a ka ba.

"Inna, me ya same ki?"

"Hayaƙi ne."

"Ba a hura wuta ba fa." Aka ji takunta ta matso. "Zancen tafiyar nan ne ko? Haba Inna. Ai na gaya miki, zuwa zan yi in gaida Kawu da matarsa in dawo. Kafin ruwan fari ya sauka ina nan. In na zauna wa zai ɗiga miki maganin ido? Ke da ba kya iya buɗewa da kanki."

"Haka ne, uwata."

"To ki daina."

"Na daina. Zo nan, hau bayana."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. "Inna, ni da na yi girma! Sai mu faɗi."

"Hau dai, na ce."

Aka ji motsin zani, da nishin Indo tana miƙewa, da dariyar su biyun, da takun mutum ɗaya mai nauyi yana zagaya tsakar gida. Daga nan kaset ya ƙare.

Sauda ta zauna a wurin har rana ta bar tagar. Kawu da matarsa. Ba da mugunta yarinyar ta faɗa ba, ba kuma don ba ta san wanda ya haife ta ba, abin da ta tashi da shi a baki ke nan. Kuma ba wanda ya gaya mata zuwan ba na dawowa ba ne; Indo ta kasa, ta bar wa jirgin sama ya gaya mata. Sauda ta yi kuka mai isarta, na kanta da na Indo, da na dariyar nan da ta ji sau ɗaya take son ta sake ji, ta kuma san ba ita aka yi wa ba. Da ta gama ta wanke fuska, ta mayar da kaset baya daidai inda Indo ta yi sallama, don iyakar abin da Ladan zai ji ke nan.

Bayan magariba ya saurara, kansa a ƙasa, ya share ido da bayan hannu ya ce, "Yaya ke nan. To Alhamdu lillahi, gobe sai in je school ɗin in karɓo form."

"Ba sai ka je ba. Hutu za ta zo."

Ya ɗago. "Hutu kamar yaya?"

"Wata uku. Ka sa a yanka mata tikitin zuwa da dawowa, kuma ka aika wa Yaya tun yanzu, kada ta kwana da abin a ranta har Disamba. Ka ce kafin ruwan fari tana gida."

"Ikon Allah. Ke da kika tayar da gidan nan a kan karatu? Karatun fa?"

"Akwai makaranta a Ɗambatta."

Ya dubi fuskarta, ya gyaɗa kai. Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Wata uku dai wata uku ne, kuma a tsakiyar sanyi za su faɗo, yarinyar da ƙirjinta ke kuka ba za ta sauka daga jirgi da gyale ba. Washegari Sauda ta hau bas zuwa Fordham Road, ta shiga wani babban kanti, ta hau bene inda ake sayar da kayan yara. Rigunan sanyi ne jere-jere har ƙarshen ɗaki. Ta zaɓi wata ja mai hula, ta mayar, ta zaɓi shuɗiya, ta tsaya tana shafa wuyanta. Wata dattijuwa mai sayarwa, gilashinta na rataye a sarƙa, ta matso ta tambaye ta ko wa za a saya wa.

"'Yata," in ji Sauda.

"Shekararta nawa?"

"Goma."

Matar ta ce ai 'yan shekara goma iri-iri ne, wata doguwa wata gajera, ta nuna mata tsawonta kawai, ita za ta san lambar.

Sauda ta sauya wa jakarta hannu, ta ɗaga na dama, tafin yana kallon ƙasa. Ta kai shi daidai ƙugunta, ta ga ya yi kaɗan. Ta ɗaga zuwa ƙirji. Ta ƙara sama kaɗan, ta sauko, ta sake hawa. Matar tana tsaye da murmushinta tana jiran hannun ya tsaya.